YADDA MASU JARI KE ZAƁEN ƘASAR DA ZA SU KAFA MASANA'ANTA

Kafin kamfani ya kafa masana'anta a wata ƙasa, yakan lissafa abin da zai kashe a kan kowane kaya, tun daga ƙera shi har ya isa hannun mai saye. Ƙasar da lissafin ya fi sauƙi a cikinta ita ke samun jarin, da ayyukan yi, da haraji. Abubuwa huɗu ne suka fi nauyi.

1. Ladan ma'aikata. Ɗinkin tufafi na bukatar hannuwa da yawa, shi ya sa masu wannan sana'a suka tattaru a Bangaladash, inda albashi ke da araha. Amma araha ba ta ado. Ma'aikacin da ke ɗinka riga 30 a yini ya fi wa kamfani sauƙi a kan mai ɗinka 10, ko da albashinsa ya ninka na wancan.

2. Wutar lantarki. Narka alminiyom na cin wuta ƙwarai. Saboda wutar madatsar ruwa ta Akosombo aka kafa masana'antar Valco a Tema, ƙasar Gana, wadda ta fara aiki a 1967, ko da yake daga ƙetare aka riƙa kawo mata garin da take narkawa.

3. Kuɗin dako. Kamfanin Renault na Faransa ya buɗe masana'antar motoci kusa da Tanja ta Maroko a 2012, domin akwai babbar tashar jiragen ruwa, ga shi kuma ɗan mashigin teku ne kawai ya raba wurin da kasuwannin Turai.

4. Kuɗin fito. Idan harajin shigo da kaya ya ragu, sayo su daga waje kan fi ƙera su a gida riba.

DARASI GA NIJERIYA

Ana noman roba a kudancin ƙasar nan, amma Michelin ya rufe masana'antarsa ta taya a Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tsadar samar da wuta da arahar tayoyin waje na cikin dalilan. Ma'aikata masu yawa suka rasa abin yi.

Ashe ke nan, albarkatun ƙasa kaɗai ba su riƙe mai jari. Sai an haɗa da tsayayyiyar wuta, da hanyoyi masu kyau, da ƙwararrun ma'aikata. Duk wanda ya koyi sana'a da kyau, ko ya kare wayoyin lantarki daga ɓarayi, ya taimaka wajen jawo masana'antu zuwa ƙasarsa.