Amana, Wakilci da Miƙa Aiki: Kowanne da Nauyinsa

Idan ka zaga ofisoshin garin Bauchi, ko ka zauna a bakin wani shago a Kasuwar Wunti, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani ya ce, "Ai na yi masa handoba." Wanda ya bar wa maƙwabci makulli ya tafi masallacin Juma'a haka zai ce. Wanda ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati ya yi ritaya, shi ma haka zai ce. Alhali kuwa abin da suka yi ba ɗaya ba ne. Yawancin rigingimun dukiya da ke kai 'yan'uwa gaban mai unguwa ko alƙali daga nan suke farawa: mai bayarwa yana nufin abu guda, mai karɓa ya fahimci wani.

Turawan da muka aro kalmar a wurinsu ba su cakuɗa abin ba. Suna da "entrust", suna da "delegate", suna da "hand over", kowace da wurinta. Mu ma muna da namu tun kafin zuwansu: ba da amana, wakiltawa, da miƙa aiki. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: ba da amana

Amana ita ce ka danƙa wa wani abinka ya tsare, ranar da ka nema ya mayar maka. Abin ya bar hannunka, amma bai bar mallakarka ba. Malamai sun yi bayani cewa idan ajiya ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, babu ramuwa a kansa. Amma idan ya taɓa ta, ko ya juya ta a kasuwa ba da izini ba, ko ya yi mata riƙon sakainar kashi, to sai ya biya.

Tarihin Bauchi da amana ya fara. Yakubu, wanda ya kafa garin, yana yaro mahaifinsa ya danƙa shi a hannun Malam Isiyaku don karatu, malamin kuma ya kai shi wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel. Da malamin ya mai da yaron ɗan aike kawai, da ba a san me za a ce ba yau. Har gobe kuma a fadar Bauchi akwai sarautar Ajiya, sunan da kansa ya nuna nauyin da ke kan mai ita. Shi ya sa ake duba mutum kafin a ba shi, don ba a ba kura ajiyar nama.

Na biyu: wakilci

Wakili yana aiki ne da sunan wanda ya tura shi, kuma cikin iyakar da aka yanka masa. Da Shehu ya ba Yakubu tuta, ya dawo ƙasarsa ya kafa garin Bauchi a 1809, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Tutar nan shaida ce cewa ikon da ke hannunsa daga wani wuri ya zo, kuma akwai wanda zai tambaye shi.

A nan ne manya da yawa suke kuskure. Shugaban ma'aikata zai ce wa akawu, "Je ka sayo kayan," in an sami ɓarna ya ce, "Ba ruwana, shi na sa." Ina! Ka ba shi aiki ne, ba ka ba shi alhaki ba. Mai aike shi ke da amsa tambaya, muddin ɗan aike bai ƙetare iyaka ba.

Daga cikin wakilci akwai riƙon ƙwarya, wanda 'yan boko ke kira aktin. Ko shi ma sai da takarda. A watan Nuwamba na 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya ba tare da an aika wa Majalisar Tarayya wasiƙar da sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ana gardamar wa ke riƙe da ita, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Daga baya aka gyara dokar: idan kwana 21 suka wuce babu wasiƙa, majalisa ce za ta ba mataimaki riƙo. Sashe na 190 ya shimfiɗa wa gwamnoni irin wannan ƙa'ida. To, idan rashin wasiƙa guda ya girgiza ƙasa, ina ga shagonka?

Na uku: miƙa aiki

Wannan shi ne handoba ta gaskiya: iko da alhaki su tashi tare su koma kan wani. Ranar 1 ga Oktoba 1960 a Legas, Gimbiya Alexandra ta Ingila ta miƙa wa Abubakar Tafawa Balewa takardun 'yancin Najeriya a bainar jama'a. Wanda ya karɓa ɗin nan malamin makaranta ne daga Bauchi, kuma a nan kabarinsa yake. Haka a 1979 soja suka miƙa wa Abubakar Tatari Ali mulkin jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙiro a 1976. Tun daga 1999 kuwa, ranar 29 ga Mayu ce ranar miƙa mulki.

Ranar miƙa aiki ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Mai fita ya faɗi abin da ke cikin asusu, da bashin da ake bin ofis, da aikin da bai gama ba. Mai shiga kuma kada kunya ta sa ya sa hannu a kan abin da bai ƙirga ba, don daga ranar nan shi za a tambaya.

Yadda ake yi

A ce wani mai shagon atamfa zai tafi aikin hajji. Kada ya jefa wa yaronsa makulli yana shiga mota. Ya zaunar da shi da dare, su sauke turamen atamfa su ƙirga, a rubuta. Ya buɗe littafin bashi ya nuna masa sunaye.

"Alhaji, idan Hajiya ta aiko a ba ta kuɗin cefane fa?"

"Ka ba ta, ka rubuta. Amma sabon bashi kada ka ba kowa, ko ƙanena ne."

"Kuɗin da ke cikin akwati fa?"

"Wannan ajiya ce, ba ta ciniki ba. Kada ka taɓa."

Ka gani, a zama ɗaya ya raba wakilci da amana, kuma ya nuna cewa shagon bai bar hannunsa ba. Sai ya kira maƙwabta biyu su shaida.

Wani zai ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. A'a. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Takarda tana kare mai karɓa ne kafin mai bayarwa, don ita ce za ta wanke shi ranar da aka fara zargi.

Saboda haka, duk ranar da aka miƙo maka makulli, ko hatimi, ko ɗan wani, kada ka yi saurin miƙa hannu. Ka tambaya tukuna: "Ranka ya daɗe, ajiya ce, ko aike ne, ko kuwa ka bar mini ke nan?"