Fassarar Alƙaluman Na'urar Bibiyar Sukari da Tsara Abincin Mai Ciwon Suga

1.0 Gabatarwa

Shekaru masu yawa mai ciwon suga ba shi da hanyar sanin yawan sukarin da ke jininsa a gida sai ta huda yatsa, sau biyu ko uku a yini. Al'amarin ya fara sauyawa a 1999, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'ura ta farko mai bibiyar sukari dare da rana. A yau wasu na'urorin suna ba da sakamako duk bayan minti biyar, wato sau 288 a kwana guda, wasu kuma duk minti ɗaya. Sai dai yawan alƙaluma kan rikita wanda bai san fassararsu ba. Majiyyacin da ya ga 190 bayan cin tuwo, ya firgita ya ƙaurace wa abinci ko ya ƙara allurar insulin ba da izinin likita ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Wannan muƙala ta bayyana yadda ake karanta sakamakon, da yadda ake amfani da shi wajen gyara abinci.

2.0 Abin da Na'urar Take Aunawa

Na'urar ɗan faifai ce da ake mannawa a bayan dantse ko a ciki, tana da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. FreeStyle Libre kan yi kwana 14 a jiki, Dexcom G6 kuma kwana 10. Ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki take aunawa, ba jinin jijiya ba, kuma sukari yakan ɗauki minti 5 zuwa 15 kafin ya ratso daga jini zuwa wannan ruwa. Saboda haka idan sukari yana hawa ko sauka da sauri, na'urar tana biye da jini ne a baya, kuma saɓani kaɗan tsakaninta da gwajin yatsa ba alamar lalacewa ba ne. Ana rubuta sakamako da mg/dL ko mmol/L. Idan aka raba na farko da 18 sai a sami na biyu, wato 180 daidai yake da 10.

3.0 Lamba, Kibiya da Zane

Abubuwa uku ne ke fitowa a fuskar waya: lamba, da kibiya, da zanen sa'o'in da suka wuce. Lamba tana nuna inda sukari yake, kibiya kuma tana nuna inda ya nufa. Kibiyar da ta miƙe ƙasa tana nufin saukar da ta zarce 2 mg/dL a kowane minti. Ke nan mai 110 da kibiya a kwance yana cikin kwanciyar hankali, amma mai 110 da kibiya a ƙasa yana iya kaiwa 70 cikin kimanin minti 20. Lambar ɗaya ce, matakin da ya kamata a ɗauka ya bambanta.

4.0 Ma'aunin da Masana Suka Amince da Shi

A 2019 ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka yi ittifaƙi a kan ma'auni guda ga akasarin manya masu ciwon suga. Ana so sukari ya zauna tsakanin 70 da 180 mg/dL fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci, wato kusan awa 17 a kwana. Zama ƙasa da 70 kada ya kai kashi 4, kimanin awa ɗaya. Ƙasa da 54 kada ya kai kashi 1. Sama da 250 kuwa kada ya kai kashi 5. An sassauta wa tsofaffi da masu rauni zuwa kashi 50, domin faɗuwar sukari ta fi yi musu illa, masu juna biyu kuma suna da nasu ma'auni mai tsauri. Ana yanke hukunci ne da bayanan kwana 14, ba na wuni guda ba. Wannan ya nuna cewa haura 180 na ɗan lokaci bayan cin abinci ba gazawa ba ce. Abin dubawa shi ne yawan maimaituwarsa da daɗewarsa.

5.0 Abinci a Kan Zane

A bisa al'ada sukari yakan kai ƙololuwa kimanin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan cin abinci, ya sauko cikin awa biyu zuwa uku. Siffar zanen ta danganta da irin abincin. Koko mai sukari, da lemon kwalba, da farin burodi da shayi suna haifar da hawa mai tsini cikin gaggawa. Wake da alala suna hawa a hankali saboda harza da sinadarin gina jiki da ke cikinsu. Abinci mai maiƙo, kamar soyayyar shinkafa da nama, yakan jinkirta hawan, sai a ga awa biyun farko lafiya, daga baya sukarin ya tashi ya daɗe bai sauko ba.

Jikin mutane ma ya bambanta. Binciken Cibiyar Weizmann na 2015 a kan mutum 800 ya nuna cewa abinci iri ɗaya yakan haifar da sakamako mabambanta a jikin mutane daban-daban. Don haka majiyyaci ya gwada kansa bisa tsari: ya rubuta lambar kafin cin abinci, da ta awa ɗaya, biyu da uku bayansa, ya maimaita abincin sau biyu ko uku, sannan ya sauya abu ɗaya tak. Yana iya rage malmalar tuwo ya ƙara miyar ganye, ko ya fara da kwaɗon zogale da kifi kafin shinkafa, ko ya yi tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan ya ci. Idan aka sauya abubuwa uku a lokaci guda, ba za a gane wanda ya yi aiki ba. Haka nan ba kowane hawa ne laifin abinci ba: zazzaɓi, ƙarancin barci, damuwa da sinadaran da jiki ke saki gabanin asuba duk suna ɗaga sukari.

6.0 Inda Ake Taka Tsantsan

Kwanciya a kan na'urar cikin barci kan sa ta nuna faɗuwar ƙarya. Ranar farko da aka manna ta sakamakon yakan yi rawa. Yawan shan ƙwayar bitamin C kan sa wasu nau'o'in Libre su nuna lamba sama da ta gaskiya, haka maganin haidiroksiyuriya da masu sikila ke sha yake yi wa Dexcom. Ƙa'idar ita ce: duk lokacin da lamba ta saɓa wa abin da jiki ke ji, a tabbatar da gwajin yatsa. Idan sukari ya sauka ƙasa da 70, a sha giram 15 na sukari mai saurin narkewa, kimanin babban cokali ɗaya cikin ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Mai azumi kuwa, shawarar likitoci ita ce ya karya idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

7.0 Kammalawa

An ga cewa lamba guda ba ta isa hujjar haramta wani abinci ko sauya magani ba. Amfanin na'urar yana cikin abin da ya maimaitu: wane abinci, wane adadi, a wane lokaci. Majiyyacin da ya je wurin likita da zanen mako biyu tare da rubutaccen bayanin abin da ya ci, ya ba shi madogarar daidaita magani, shi kuma ya sami damar ci gaba da cin abincin gidansu bisa ƙima.