Darasi: Fansho da shirin tsufa

Ƴan uwa masu karatu, darasinmu na yau bisa fansho ne. Fansho shi ne kuɗin da ake ba ma'aikaci bayan ya aje aiki. Doka ke tsaida yawansa, doka kuwa tana sakewa. Mu duba abin da ya faru da tsofaffin sojanmu.

Zamanin Turawa, samari da yawa na Arewa sun yi soja ƙarƙashin Faransa. Wasu sun koma Dogon Dutsi, Matankari ko Tibiri da haƙƙin fansho. A 1959 Faransa ta yi doka, ta tsaida fanshon sojan ƙasashen da sunka samu mulkin kai. Na Bafaranshe yana ƙaruwa, na ɗan Afirka yana nan kusan wuri guda. Hatsi ya yi tsada, tufafi sun yi tsada, kuɗin bai bi su ba.

Wani tsohon soja na Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. A 2001 babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya. A 2007 anka daidaita wani sashe na kuɗin, a 2011 anka daidaita sauran. Amma wani ƙarin, sai wanda ya nema da takarda. Kafin nan, tsofaffi da yawa sun rasu.

Nan gida ma abubuwa sun sake. A 1994 anka karya darajar sefa da rabi. Mai fanshon sefa ya ga kayan waje sun hau, kuɗinsa bai hau haka ba. A 2012 anka yi dokar kafa asusun CARENI don ma'aikatan gwamnati, a madadin tsohon asusun FNR. Ma'aikatan kamfani kuwa, asusun CNSS ke biyan su. Can, shekarun aje aiki 60 ne. Kowane wata ana cire kaɗan daga albashin ma'aikaci, uban gidansa ya ƙara nasa kaso, a zuba cikin asusu.

To, mene ne abin yi?

1. Mai aikin albashi ya tabbata an rubuta sunansa a asusu. Ya riƙe lambarsa. Ya tambaya ko uban gidansa yana zubawa. Watan da ba a zuba ba yana iya kawo rigima ranar lissafi.

2. A aje takardu cikin akwati, nesa da ruwa da gara: takardar haihuwa, takardar aure, takardun albashi. In mai gida ya rasu, da su matarsa da ƴaƴansa za su nemi rabonsu. Wanda ba shi da takardar aure ya je ma'aikatar magajin gari tun yanzu.

3. Kada a saida gonar gado don ana jiran fansho. Tun da sauran ƙarfi, a yi kiwon tumaki da awaki, a dasa mangwaro. Mai fili a fadamar Dallol Mawri ya yi noman rani.

4. In an ji rediyo ta ce doka ta sake, a je biro a tambaya. Wanda ya iya karatu ya karanta takardarsa da kansa kafin ya sa hannu.

Manomin da bai yi aikin albashi ba, ba shi da fanshon asusun nan. Nasa shi ne rumbu, da dabbobi, da itatuwan da ya dasa, da ƴaƴan da ya sa makaranta.

Tambayoyi:
Me dokar 1959 ta yi wa tsofaffin soja?
Wane asusu ke biyan ma'aikatan kamfani?
Waɗanne takardu matar mamaci take bukata?
A garinku, wa ke da fansho? Ku karanta masa wannan darasi.