Horon Tattara Hankali da Hana Komowar Ciwon Damuwa

Ciwon damuwa, wato yanayin da baƙin ciki da mutuwar jiki da rashin sha'awar komai ke lulluɓe mutum har tsawon mako biyu ko fiye, yana da wata ɗabi'a da ta fi tayar wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa hankali, ita ce komowa bayan an samu sauƙi. Wanda ciwon ya taɓa kayarwa sau da yawa, ɗan ƙaramin ɓacin rai yakan isa ya tono masa tsohuwar saƙar zuci, ya farka tun kafin asuba yana tufka da warwara, yana ƙirga gazawarsa, har tunanin da ya ɗauka neman mafita ne ya zama shi ke ƙara nutsar da shi.

Domin katse wannan saƙe-saƙe ne masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka tsara wani horo na mako takwas da ake kira MBCT, wanda suka ɗora a kan shirin da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Ginshiƙinsa shi ne tattara hankali, wato mutum ya maido da hankalinsa da gangan kan abin da ke gudana yanzu a jikinsa da zuciyarsa, ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ba. A gajeren atisayen minti uku da ake koyarwa, majinyaci yakan zauna ya fara lura da tunanin da ke ransa da nauyin da yake ji a ƙirji ko kafaɗa, sannan ya bi shigar numfashi da fitarsa a cikinsa, daga ƙarshe ya faɗaɗa lurar zuwa dukkan jiki. Koken da aka fi ji a makon farko shi ne, "Hankalina ba ya tsayawa wuri ɗaya," alhali kuwa gane cewa hankalin ya tafi da kuma maido shi cikin sauƙi, ko da sau ɗari ne, shi ne ainihin aikin. Da haka mutum ke koyon kallon tunani irin na "ba ni da amfani" a matsayin abin da ke zuwa ya wuce, maimakon gaskiyar da dole a miƙa mata wuya.

Binciken da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa a cikin waɗanda ciwon ya kama sau uku ko fiye, ya komo wa kashi 37 cikin ɗari na masu horon, ya kuma komo wa kashi 66 na waɗanda ba su yi ba. Wani binciken na 2015 a Ingila, mai mutum 424, ya samu sakamakon horon da na ci gaba da shan magani sun yi kusan kunnen doki cikin shekara biyu. Sai dai masu horon a wannan binciken sun rage magani ne ƙarƙashin kulawar likita, kuma abin takaici ne yadda wasu ke jin irin wannan labari su ajiye ƙwayoyinsu rana ɗaya.

Ƙarfin hujjar horon yana wajen rigakafin komowa ne, domin wanda ciwon ya yi wa katutu har ya daina ci da barci ba shi da ƙarfin zaman lura. Haka kuma wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar harin 'yan bindiga, rufe ido cikin shiru yana iya dawo masa da abin da ya gani, saboda haka akan fara masa da ido a buɗe, yana lura da tafin ƙafarsa a ƙasa. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara zo masa, wajibi ne danginsa su kai shi asibiti a ranar, ko na kusa da su ko na masu larurar ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano.