Borin Jini: Asalinsa da Abin da Ya Wajaba a Yi

Wata baiwar Allah ta aiko tana tambayar dalilin da ya sa ɗanta, wanda a da yake cin gyaɗa lafiya lau, yanzu da zarar ya ɗanɗana ta sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi ya hana shi sakat.

To Malama, ki sani cewa a cikin fata da hanci da huhu da hanji, Allah cikin hikimarsa Ya ajiye waɗansu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira mast, waɗanda Bajamushen nan Paul Ehrlich ya fara siffantawa a 1878, kowace ɗaya maƙare da ƴan jakunkunan sinadarin histamin. Akwai kuma wani makamin garkuwar jiki mai suna IgE, wanda Ishizaka da matarsa suka gano a Amurka a 1966; shi ne jiki ke ƙerawa a asirce tun cin da ya gabata, ba tare da wata alama ta zahiri ba, sa'an nan ya maƙale a bayan ƙwayar mast yana dako. Ranar da gyaɗa ta dawo ta haɗa biyu daga cikin waɗannan makamai, sai saƙo ya ratsa cikin ƙwayar hannu da hannu tamkar isnadin hadisi: furotin Lyn ya tada Syk, Syk ya tada LAT, har kalsiyam ya kwararo, jakunkunan su zubar da abin da ke cikinsu cikin ƴan mintoci, shi ne ke jawo ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayin. Wani furotin kuwa, SHIP, aikinsa kwantar da wannan fitina kada ta wuce haddi.

Abin lura, ƙwayar Piriton ko setirizin ba ta yanke silsilar nan, histamin kaɗai take tarewa bayan ya fito, alhali ƙwayar mast tana sakin waɗansu sinadarai dabam masu iya dawo da kumburi bayan sa'o'i. Saboda haka asalin magani shi ne ƙauracewa, kuma ba gyaɗa soyayya kaɗai ba: har ƙuli-ƙuli, da kunun gyaɗa, da yajin tsire wanda galibi da garin ƙuli ake haɗa shi. A shaida wa malamansa da maƙwabta.

Amma in kika ga leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta dishe, ko numfashi ya soma sarƙewa, ko jiri ya kwashe shi, to babu jiran jiƙo, babu ɗura manja, babu dogaro da Piriton. Allurar adirenalin a cinya ita ce magani, a garzaya da shi asibiti nan take. Allah Ya ba shi lafiya.