Ko A Zuba Wa Mangwaro Taki Yana Cikin Huda?

Wani mai sauraronmu daga Ngawundere ya aiko da tambaya: mangwaronsa ya yi huda, ko ya zuba masa takin zamani yanzu?

To Malam, a dakata tukuna. A yankinku mangwaro kan yi huda ne da hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa a bushe. Taki ba ya narkewa sai da danshi, in kuma ya taru wuri guda yana iya ƙona saiwa. Yuriya ce ta fi haɗari, domin kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Shi kuwa ganye yake tunzurawa, sai itace ya koma toho, huda ta kakkaɓe. Ko NPK 20-10-10 da ake samu a kasuwanninku, naitirojin ne ya rinjaya a ciki.

Idan 'ya'ya sun ƙulla, a ba shi ruwa da ɗan tokar murhu, saboda sinadarin fotash. Babban taki sai an gama tsinka, cikin damina. Ku kam Allah ya hore muku shanu a Adamawa: a nemi kashinsu da ya ruɓe sosai, a binne shi daidai iyakar inuwar itacen, nesa da gindi.