Amsoshin Tambayoyinku: Ina Zan Nemi Takardun Kotu, na 'Yan Sanda da na Gwamnatin Jiha?

TAMBAYA

Shekara 8 da suka wuce an yi rigima a bakin kasuwa, 'yan sanda suka zo suka yi kame, aka haɗa da ni. Aka kai mu kotun majistare, bayan zama uku alƙali ya ce in tafi gida. Ban karɓi wata takarda ba, murnar fita ta sa ban ko waiwaya ba. Yanzu na samu aikin tuƙi a Ƙatar, sun ce sai na kawo takardar 'yan sanda mai nuna ba ni da laifi. Shin wancan kamun zai fito? Na biyu, wani yana neman auren ƙanwata, ni ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinmu, ga shi ana raɗe-raɗin ya taɓa zaman gidan yari. Akwai inda zan je in duba? Na uku, an kafa allon kwangilar kwalbati a unguwarmu shekara 2 ke nan, ba a zuba ko tifar yashi ɗaya ba. Talaka irina yana da ikon ganin takardar kwangilar?

Mai karatu daga Fagge, Kano

AMSA

Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri bisa riƙon zumunci. Kwantar da hankalinka, duk abin da ka tambaya akwai hanyarsa. Abin da ke wahalar da mutane shi ne zuwa ofishin da ba shi ke riƙe da takardar ba, da kuma nema da baki maimakon a rubuce. Takardar shari'a tana kotu, rajistar masu laifi tana hannun 'yan sanda, takardar kwangila kuma tana ma'aikatar da ta bayar da aikin. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da taka domin ita ce ta gaggawa.

Kafin ka doshi 'yan sanda, koma kotun da aka yi shari'arka. Ba wurin alƙali za ka je ba, ofishin rajistara za ka nema, domin can ake ajiye fayil. Rubuta wasiƙa zuwa ga rajistaran kotun kana neman kwafin hukunci da na bayanan zaman kotu wanda aka tabbatar da sahihancinsa, wato abin da lauyoyi da ma'aikatan kotu ke kira CTC. Sa cikakken sunanka kamar yadda aka rubuta shi a ƙarar, da shekarar da aka yi shari'ar, da ofishin 'yan sandan da ya kai ku, da lambar ƙara. In ka manta lambar, tambayi wanda ya yi belinka ko lauyan da ya tsaya maka, ko ɗaya daga cikin waɗanda aka gurfanar da ku tare. Ko ba a samu ba, sunaye da shekara suna taimaka wa ma'aikaci ya lalubo ta a littafin rajistar ƙararraki.

Wannan ba alfarma ba ce za a yi maka. Sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kotu ajiye bayanan duk shari'ar laifi da ta yi, ya kuma bai wa wanda aka tuhuma, ko wakilinsa, haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana 7 da kammala shari'ar. Dokar Shaida ta 2011 kuma, a sashe na 104, ta fayyace siffar kwafin da ake yarda da shi: a biya kuɗin da doka ta yanka, jami'in da ke riƙe da takardar ya rubuta a ƙasanta cewa kwafi ne na gaskiya, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, ya sa hannu, a buga hatimi. Kada ka bar ofishin sai ka duba waɗannan da idonka. Fotokwafi tsura, ba sa hannu ba hatimi, ba za ta yi maka amfani a gaban kowace hukuma ba. Kuɗin kuwa ka biya inda aka tanada, ka karɓi rasit.

In takardar ta zo hannunka, karanta ƙarshenta da kyau, ko ka ba lauya ya karanta maka. "Alƙali ya ce in tafi" yana iya nufin abubuwa daban-daban. Akwai wanda aka sallama kuma aka wanke shi, wannan ba za a sake gurfanar da shi kan laifin ba. Akwai wanda aka sallama kawai saboda mai gabatar da ƙara ya daina zuwa ko shaidu sun ƙi bayyana, wannan a doka ana iya sake shigar da ƙararsa. Akwai kuma wanda ya amsa laifi, aka ci shi tara, ya biya ya tafi yana zaton an sake shi ne, alhali hukunci ne aka yanke masa. Gara ka san a wane sahu kake tun kana gida, da ka ji shi a bakin ma'aikacin ofishin jakadanci.

Daga nan sai takardar shaidar kyakkyawan hali. Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, don haka takardar ba ta jiha ba ce, ko da a Kano ka cike buƙatarka. Tana fitowa ne daga babbar rajistar masu laifi da ke ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka, wadda aka daɗe da sani a Alagbon da ke Legas. A yanzu ana nema ta intanet, a shafin POSSAP na rundunar: ka buɗe asusu da lambarka ta NIN, ka ɗora bayanan fasfonka da hotonka, ka biya a nan, a ɗauki zanen yatsunka. Ka tambayi kamfanin da ya ɗauke ka ko ana buƙatar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da ofishin jakadancin ƙasar su buga nasu hatimin, ka kuma tambayi tsawon lokacin da suke karɓarta bayan fitowarta, kada ta tsufa kafin biza ta fito. Ina roƙonka ka guji 'yan-na-kama da ke cewa za su kawo maka ita gida ba tare da ka dangwala yatsa ba. Takardar jabu tana iya jawo wa mutum kora da ɗauri a ƙasar mutane.

Shin kamun zai fito? Kamu daban, hukunci daban. Sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi a rubuta bayanan wanda aka kama, ta kuma ce a aika sakamakon shari'a zuwa babbar rajista cikin kwana 30 da yanke hukunci, Kano ma ta yi tata irin dokar a 2019. Inda matsala ke tasowa shi ne a rubuta shigar mutum, a manta da rubuta fitarsa. Shi ya sa na ce ka fara da kotu. In aka ce an ga sunanka, sai ka miƙa CTC, in wanke ka aka yi magana ta ƙare.

Batun ƙanwarka kuwa, bincike kafin aure nauyi ne a kanka, ba wanda zai ga laifinka. Amma ka sani ba za ka iya karɓo wa wani takardar 'yan sanda a bayan idonsa ba, tunda da yatsunsa ake yi, kuma sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 sun kare sirrin mutum. Abin da ke buɗe shi ne hukuncin kotu, domin a bainar jama'a ake yanke shi. In masu raɗe-raɗin sun san kotun da shekarar, kana iya rubuta wa rajistara kana neman kwafin hukuncin, kuma ana iya tambayarka dalili. Shari'ar ƙananan yara ba ta cikin wannan. Akwai kuma rajistar waɗanda aka hukunta kan fyaɗe da makamantansa, wadda hukumar NAPTIP ta ƙaddamar a 2019, ana duba ta ta intanet.

Ka riƙe abu biyu a ranka. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba, don haka "ya taɓa zaman gidan yari" ba ya nufin ya yi laifi. Kai da kanka shaida ne, an kama ka ba ka ji ba ba ka gani ba. Haka kuma takarda fara fes ba ta nuna mutumin kirki ne, abin da ta nuna kawai ba a samu sunansa a rajista ba. Halin da ƙanwarka za ta zauna da shi yana bakin maƙwabtansa, da limamin masallacinsu, da mai unguwa, da abokan sana'arsa. Ka kira shi da waliyyinsa, ku zauna cikin mutunci, ka tambaye shi kai tsaye. In ya amsa, ka ji labarin a bakinsa, ka nemi ya kawo takardar kotu kamar yadda kai ma za ka nemo taka. Duk abin da ka gano na amfanin gidanku ne, ba na majalisa ko WhatsApp ba. Ɓata suna laifi ne a doka, zunubi ne a addini.

Kwalbati kuma, ƙwarai kana da iko. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta bai wa kowa damar neman bayanan da ke hannun hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba. An daɗe wasu jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Benin ta goyi bayan haka a 2018. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta warware taƙaddamar a wata ƙara da aka shigar kan hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo, ta ce dokar ta shafi jihohi ma.

Je ka karanta allon, shi zai gaya maka ko aikin na ma'aikatar jiha ne, ko na ƙaramar hukuma, ko na tarayya. Rubuta wa shugaban wurin, ka ambaci dokar, ka faɗi ainihin abin da kake so: takardar bayar da kwangilar, sunan kamfanin, jimillar kuɗin, abin da aka riga aka biya, da ranar da aka yanka ta kammalawa. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, domin daga ranar ake fara ƙirga. Suna da kwana 7 su amsa, suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. Kuɗin kwafi kawai za a caje ka. In sun ƙi, dole su rubuta dalili da sashen dokar da suka dogara da shi, shirunsu ma ƙi ne a doka, kuma kana da kwana 30 ka kai maganar kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba yana jawo tarar Naira 500,000 in kotu ta tabbatar. Wanda bai iya rubutu ba, wani na iya nema a madadinsa. Dokar ta keɓe wasu abubuwa, kamar sirrin tsaro da binciken da ake kan yi, amma kuɗin kwalbatin unguwa ba ya cikinsu. In kun sa hannu ku da yawa da sunan ƙungiyar unguwa, wasiƙar za ta fi nauyi, kuma kuna iya kai ƙorafi Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano.

Shawarata ita ce ka sayi fayil guda, ka riƙa zuba kowace wasiƙa da rasit da kwafi a ciki. Gobe da safe ka fara da ofishin rajistara, domin tsohon fayil yakan ɗauki lokaci kafin a tono shi. Allah ya sa tafiyar ta zama alheri, ya zaɓa wa ƙanwarka miji nagari.